Ranar da Musyu Rilwanu Ya Faɗi Gaskiya

Duk faɗin Kwarbai babu wanda ya sha Faransanci ya ƙoshi kamar Malam Rilwanu. Sati uku cur ya yi a Maraɗi wajen bikin ɗan'uwansa, ya dawo yana magana ta hanci. Tun daga ranar ya hana a kira shi Malam. Musyu ne, yadda Faransawa ke cewa. Abokan hira suka ƙara masa da Na-Faransa, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

A garin makafi mai ido ɗaya sarki ne. Nan da nan wata makarantar 'yan mata mai zaman kanta a Limancin Kona ta damƙa masa ajin ƙarshe, ɗalibai talatin masu jiran jarrabawar fita.

Gwanintarsa a kalmomin ware mutum daga cikin taro take. Ya rubuta chaque, chacun da aucun a allo, ya karkaɗe alli daga hannunsa.

"Duk ukun nan kowa suke nufi," in ji shi. "Faransawa mutane ne masu wadata, shi ya sa suka yi wa kowa suna uku. Wadda ba ta gane ba, ƙwaƙwalwarta ce ba ta taɓa ƙetare boda ba."

Yara suka kwafa, suka haddace. Wa zai ja da teku?

Saura wata guda jarrabawa, shugabar makaranta Hajiya Sa'ida ta gayyato Malama Hafsat, haifaffiyar Damagaram, wadda ta shekara ashirin tana koyar da harshen, ta duba shirin yaran. Musyu ya sha kwat a tsakiyar zafin bazara. Malama Hafsat ta buɗe littafin wata ɗaliba, ta buɗe na biyu. Sannan ta tambaye shi da Faransanci, a hankali kamar mai lallashin yaro, mutum nawa yake sa ran za su ci.

Ya buga ƙirji, ya ware hannuwa ya haɗe ajin gaba ɗaya.

"Aucun!"

"Me ya ce?" in ji Hajiya Sa'ida.

"Ranki ya daɗe, cewa ya yi ko ɗaya," in ji Malama Hafsat. "Ma'anar kalmar ke nan. Na duba littattafan, kuma wallahi gaskiya ya faɗa."

Ta juyo gare shi tana rufe jakarta.

"Sai dai ɗan gyara, Malam. Tunda mata ne, aucune ake cewa."