Yadda Za Ka Zama Masanin Dambe Ba Tare da an Taɓa Naushinka Ba

Ina ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin a gama sussukar gero za a riƙa matsa maka wuri a benci duk inda ake hirar dambe, haƙoranka kuma suna nan cif a bakinka. An gwada an gani. Khalilu na ƙauyenmu, nan gefen Ɗanbatta, ya bi su ya dace.

Mataki na 1: Nemi waya, ka guji fili

Kada ka kuskura ka ɗaure hannu. Wanda ya taɓa shan naushi yana da shakka, shakka kuwa ita ke ɓata masani. Khalilu a shagon cajin waya ya yi karatunsa, yana kallon damben Turawa na cikin keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da maƙura. Faɗan bai dame shi ba. Lambobin da ke fitowa a ƙasan hoton su suka tafi da shi: wane ya kai hannu kaza, kaza suka samu. Ya ce a ransa, ashe ana cin dambe daga zaune.

Mataki na 2: Koyi faɗin "kashi kaza cikin ɗari"

Mutanenmu suna musu da liman, suna musu da mai unguwa, amma lamba ba su san ta inda za su kama ta ba. In dattijo ya ce a teburin mai shayi, "Yaron nan yana da zuciya," sai ka yi murmushin tausayi ka ce, "Baba, zuciya ba ta hawa sikeli. Kashi sittin da uku na kisansa a turmin farko yake yi." In an tambaye ka inda ka samo, ka ce bincike ne ya nuna. Ba a taɓa kai bincike ƙara ba.

Mataki na 3: Samo jikin gwaji

Ilmi yana bukatar jiki, amma ba naka ba. Khalilu ya zaɓi taubashinsa Abdulrashid, ɗan gwaggonsa Zulaihatu. Manomi ne, da kaka kawai yake taɓa dambe, kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ƙato ya miƙo masa hannu a fili, sai ya dube shi sama da ƙasa, in ya ga ba sa'ansa ba ne ya girgiza kai ya koma gefe. Dambe ya yarda da haka, ba a yi wa kowa dole. Shi kaɗai ne namiji a gidansu, ya kuma yafa irin albasa a filin noman rani na Watari yana jiran dashe. Da albasar nan gidan ke cin rani.

Mataki na 4: Ƙirga abin da ke ƙirguwa

Aka ce Bahagon Ɗan Iya zai sauka ranar kasuwa. Khalilu ya tattaro wasanninsa goma a waya, ya tarar a bakwai shi aka kashe. Yi yadda ya yi: tsaya a nan. Kada ka tambayi su wa suka kashe shi. In ka tambaya za ka gane manyan 'yan damben birni ne, mutanen da ba su da gona sai dambe, kuma wanda ya saba tsayawa gabansu ba abin wasan manomi ba ne. Irin wannan tambayar tana lalata lissafi mai kyau.

Mataki na 5: In hankalinsa ya motsa, danne shi da kunya

Bayan la'asar kalangu ya ɗauka. Bahago ya zaga fili, ya tsaya gaban Abdulrashid, ya miƙa hannu. Abdulrashid ya fara girgiza kai kamar yadda ya saba, sai Khalilu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina za ka, shalelen Gwaggo? Ko nono za ka koma sha?"

"Kai Khalilu, rufa min asiri. Dubi wuyan mutumin nan."

"Wuya ba ya cikin lissafi. Kashi saba'in faɗuwa yake. Kai kuwa ɗari bisa ɗari ne, baƙauye, ba ka ma san darajarka ba."

"Jibi fa nake dashe."

"Sai ka dasa da suna!"

Samari suka ɗauki ihu, makaɗi ya saka sunan Abdulrashid a kiɗa. Ya dubi jama'a, ya dubi wayar da ke hannun Khalilu. Shekara da shekaru idonsa yake bi, ran nan ya bi waya. Ya miƙa hannu.

Mataki na 6: Tsaya inda jini ba zai fallatso maka ba

Ba a gama turmin farko ba. Hagu ta zo ta inda Abdulrashid bai saba jira ba, ya tafi ƙasa ya danne hannunsa na dama. Har na bayan makaɗa sun ji ƙarar ƙashin. Kai a wannan lokacin ka riƙe wayarka da kyau, kada hoto ya yi rawa.

Mataki na 7: Je dubiya da bayani

Khalilu ya tarar an ɗaure hannun da karare. Mai ɗori ya ce ba fartanya sai bayan wata biyu. Gwaggo Zulaihatu ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Khalilu, kai ka ce masa ya shiga?"

"Wallahi Gwaggo ban ce zai ci ba. Kashi saba'in na ce. Cikin talatin ɗin ya faɗa."

"To albasar fa, cikin kashi nawa take?"

Ta ɗauko fartanyar ɗanta ta ajiye a gabansa. Ya ce ai ta san shi da ciwon baya, ya yi wa mara lafiya sannu, ya nemi takalmansa. Haddace wannan fitar, za ta yi maka amfani.

Mataki na 8: Gyara lissafi, ka ci gaba

Washegari ka sanar a teburin mai shayi cewa Bahago yana tashe, kuma dama ka hango alama. Khalilu ya yi haka, aka matsa masa a benci. Irin albasa ya tsufa a inda aka yafa shi.

Na daɗe ina juya maganar nan a raina. Bahago sana'arsa ya yi. Abdulrashid da kansa ya miƙa hannu. Khalilu bai yi ƙarya ko ɗaya ba, na sake ƙirgawa, bakwai ɗin ne. Mutum uku, ba mai laifi, ga fili a Watari ba ko ganye.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a karaya, targaɗe, zubewar haƙora ko ɓacin zumunci da ka iya biyo baya. In gwaggonka ta daina amsa gaisuwarka, kada ka zo ƙofata. Shawarata kashi saba'in take ci. In ta ƙi ka, cikin talatin ɗin ka faɗa.