Ranar da Na Kira Sunan Surukina a Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na yi a Aliero, kuma ko na so in manta, dangin maigidana ba za su bari ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Kebbi ba, muna zaune a Jega, ɗana na fari yana da shekara goma sha biyar.

Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa, to kun ga kunya ta zama biyu. Shekara goma sha biyar ban taɓa kiran sunansa ba. A gida kowa Baba Ƙarami yake ce masa, ni kuwa "kai" ko "yaron nan". In ya yi zazzaɓi gaban mutane, sai in kau da kai in ce a ba shi magani, in na shiga ɗaki in yi ta kuka a kan sallaya. Matan dangi har kwatance suke yi da ni. "Ku dubi matar Malam, ta yi sakandare amma ba ta zubar da kunya ba." (Ni kuma ina jin daɗin yabon nan fiye da yadda ya kamata, Allah Ya yafe mini.)

Yaron nan Allah Ya ba shi ƙafa. Yana buga wa ƙaramin kulob ɗin unguwarmu, kocin manyan kuma ƙanena ne, Nasiru. Da manyan suka kai wasan ƙarshe na wani kofi, za su kara da 'yan Maiyama, sai gardama ta tashi a tsakar gidana, kullum bayan la'asar, a kan tabarma ɗaya.

Malam ya ce, "Nasiru, sa yaron ga cikin manya. Ƙwallo goma sha nawa ya ci bana? Mi kake jira, ya yi gemu?"

Nasiru ya ce, "Ni ban ce bai iya ba. Amma ka ga masu tsaron bayan Maiyama? Biyu daga ciki mahauta na, sa suke kayarwa da hannu. A bari ya ƙara shekara guda, ƙashinshi ya yi ƙwari, hankalinshi ya zauna."

"In ka aje shi ga benci zuciyarshi za ta mutu."

"In na sa shi yanzu aka tsorata shi, ta mutu ke nan har abada."

Ni ina gefe ina tsince shinkafa, kamar ba da ɗana ake ba. Amma na ga yadda yake wanke takalmin ƙwallonsa sau biyu a rana, na ga ya rage cin tuwo. Abin ya tsaya mini a rai. Tunda ba dama in yi magana a kansa, sai na tare Nasiru a zaure na bi ta bayan gida.

Na ce, "Nasiru, na ji wasu iyaye na cewa akwai wani yaro da kake dannewa."

Ya dube ni, yana danne dariya. "Yaya, waɗanne iyaye?"

"Wasu dai. Ni da na yi wasanni a makaranta na sani, ba a koyon iyo a kan tudu. Kuma ka tuna wa ya goya ka."

(Wasannin da na yi a makaranta, riƙe wa masu gudu takalma ne. Amma goyon gaskiya ne, har fitsari ya sha yi mini.)

Ya ce, "To Yaya, a gaya wa wasu iyayen na ji. Zan sa shi bayan hutun rabin lokaci. Abin da ya biyo baya, su sunka jawo."

An sa wasan a Aliero don kada wani gari ya ce an yi a gidan wani. Aliero kuwa garin su Malam ne, kuma a ranar ake sunan jaririyar ƙanwarsa a gidan surukaina, wanda katangar bayansa ta jingina da filin makarantar firamaren da za a buga. Surukina, Baba, mai ɗori ne, irin na Aliero da ake kawo musu karaya daga nesa. Masu shirya wasan sun sa masa benci a gindin darbejiya, shi da dattawa, saboda ko ta-kwana.

An ba ni tuƙin tuwo a bayan gida. Ina tuƙi, ihu yana shigowa ta saman katanga. Da aka ce an koma zagaye na biyu, sai na ce wa matan bari in duba ko hayaƙi yana damun maƙwabta. Na kifa turmi na hau, muciya a hannuna.

Ai kuwa ga shi can, ɗan siriri cikin riga da ta kai masa gwiwa, tsakanin ƙatti. An yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya. Na ga ya karɓi ƙwallo, ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu, ya doshi gola. Bakina yana ta Hasbunallahu. Sai wani ƙato ya zo ta gefe, ban ga abin da ya faru ba, na dai ga ɗana ya tashi sama ya faɗo, ya riƙe ƙafa yana birgima yana ƙara. Alƙalin wasa ya busa usur ya nuna wurin bugun fenareti.

Har yau ban san yadda na tsallake katangar nan ba. An ce takalmina ɗaya a cikin gida ya tsaya. Abin da na sani, na ji wata mata tana gudu a tsakiyar fili tana kwarma ihu, "Sahabi! Sahabina! Wayyo Sahabi!" Ashe ni ce.

Kowa a filin ya juyo yana kallona. Daga gindin darbejiya kuma dattawa duk suka juya suka dubi Baba, don a Aliero kaf ba wanda ke kiransa da sunan nan.

Na durƙusa na rungume kan yaron, ina tofa masa addu'a a ƙafa. Ƙaton da ya kayar da shi ya matso zai yi magana, na ɗaga masa muciya da tuwo a jikinta, ya ja da baya yana cewa, "Wallahi Hajiya ban taɓa shi ba!"

Sai yaron ya yi magana ƙasa ƙasa, haƙoransa a cije. "Inna, don Allah ki tahi. Lahiyata lau. Fenareti nike nema."

Mace mai hankali da ta yi shiru ta koma kan tuwonta. Ni kuwa ban san ana yin haka a ƙwallo ba, kuma a gidana ba a ƙarya. Na miƙe tsaye, da muryar da na yi ihun nan, na ce, "A'uzubillahi! Kana nufin da gangan ka faɗi? Bai taɓa ka ba za ka ɗora wa bawan Allah laifi?"

Alƙalin wasa yana tsaye a kaina, usur a baki.

'Yan Maiyama suka yi masa caa. Kafin a ce me, ga Baba ya iso da sandarsa, a hankali, mutane na darewa. Ya tsuguna, ya murza ƙafar tun daga gwiwa har idon sawu, ya miƙe ya ce, "Ƙahwar ga ta hi tawa lahiya."

Aka soke fenaretin, aka ɗaga wa ɗana katin gargaɗi. 'Yan kallon Maiyama suka hau tafi suna cewa, "Sai Hajiya! Hajiya tamu ta!" Sai a lokacin na ga kaina: ƙafa ɗaya ba takalmi, ɗankwali a karkace, ba mayafi, muciya a hannu, a gaban surukina da garuruwa uku. Na hango Malam ya tura hularsa ta rufe masa ido. Katangar da na tsallake kamar akuya kuwa ta ƙi hawuwa a komawa, sai da na zagaya ta ƙofar gida, ta gaban maza masu zaman suna. Na tarar tuwon ya kama.

Maiyama suka ƙara ƙwallo ɗaya, suka ɗauki kofin. Nasiru ya mayar da yaron cikin ƙanana har shekara guda. Ya ce ba don ni ba, don wanda ya wuce mutum biyu ya ga gola a gabansa ya zaɓi faɗuwa, tsoro ne ya kama shi, kuma bai gama koyo ba. Kwana tara yaron bai ci abinci a gabana ba. Na goma ya shigo madafa ya ce, "Inna, wai da gaske katanga kinka tsallaka?" Muka yi dariya har na zauna a ƙasa. Shekarar da ta zagayo aka sa shi cikin manya, ya daɗe yana buga musu, kuma an ce ko an kwashe masa ƙafa da gaske, zumbur yake miƙewa yana waige waige.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne yammacin ranar, kafin mu kama hanyar Jega. Dole in yi wa Baba sallama. Na durƙusa a bakin ƙofarsa, kaina a ƙasa, ina jiran faɗa. Can ya ce, "Tun da mahaihiyata ta rasu, ba wanda ya kira sunan ga da irin muryar ga. Har na kusa amsawa. Tashi, Allah Shi yi miki albarka."

Na fito ina share hawaye, matan gidan suna dariya, sun riƙe mini takalmina.

Tun daga ranar, in na ji ana gardamar ko yaro ya isa a sa shi cikin manya, sai in ce a duba ƙafarsa, a duba zuciyarsa, sannan a aika a duba uwarsa. In ita ba ta isa ba, a ba ta aiki a gidan da katangarsa ke da tsawo.