Satar Furen Mayu a Gidan Dona Jandira

"A sa mini albarka, Vó."

"Allah ya yi maka albarka, ɓarawo. Goge ƙafarka, yanzu na share wurin."

Haka Gilmar da kakarsa Dona Jandira, wadda yake kira Vó, suke gaisawa tun yana yawo ba wando, ga shi yau yana da shagon aski da tumbi da 'ya'ya mata biyu. Ni Odete maƙwabciyarta ce a nan Friburgo, katanga ce kawai tsakaninmu. Ranar na shiga ne in taya ta naɗe kofuna a tsohuwar jarida, don ta sayar da gidan. Gwiwarta ta daina hawan tudun unguwarmu, 'yarta kuma za ta tafi da ita Niterói ranar Asabar, can saman bene inda babu ƙasa babu inuwa. Wanda ya sayi gidan ya riga ya ce zai sare tsohuwar bishiyar fiyar da ke tsakar gida ya yi wa motarsa rumfa.

Bishiyar ba ta dami Jandira ba. Abin da ke zaune a tsakanin rassanta ne ya dame ta: furen Mayu na mahaifiyarta, mai buɗewa a watan Mayu, ja mai duhu, irin da ba a samu a kasuwa. Ba a tukunya yake ba. Saiwoyinsa sun shige ɓawon bishiyar tun da daɗewa, ba ya ciruwa. In gatari ya zo ya tafi ke nan, sai fa in wani ya dasa reshensa a wani wuri.

Ɓalle reshe a miƙa wa jika abu ne mai sauƙi, amma ba a wurin Jandira ba. Tsofaffinmu sun riƙe cewa reshen kyauta ba ya kamawa sai na sata, wanda kuwa aka yi godiya a kansa ya mutu ya gama. Ni ban ɗauki wannan da nauyi ba, sai dai ni ko albasa na dasa mutuwa take yi, don haka ba wanda ya nemi ra'ayina. Bara Jandira ta hango Gilmar a gindin bishiyar yana cusa wani abu a aljihu, ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Ɓarawon ya yi aikinsa." Da wannan kwanciyar hankalin ta yarda a sayar da gidan.

Gilmar ya dire wata tukunyar shuka a kan teburin baranda, ya ja baya yana buɗe hannu.

"Tsohuwa, na zo in tona wa kaina asiri kafin ki tafi. Bara na yi miki sata a gaban idonki kina gyangyaɗi. Ga shi nan, ya girma ya fi ki kyau."

"Ni na yi gyangyaɗi? Addu'a nake yi maka, ko Allah zai sa ka koyi aski. Rabin mazan garin nan hula suke sawa saboda kai."

"Sanyi ne ya sa su."

"Har a tsakiyar zafin Janairu?"

"Ke dai duba aikin hannuna. Ko ɗan saurayin nan naki na rawar tsofaffi bai taɓa kawo miki irinsa ba."

"Shi aƙalla yana da gashi, don bai taɓa shiga shagonka ba. Ga mu a tsakiyar Mayu, ina furen?"

"Halinki ya gada. Sai an yi ta roƙonsa."

Jandira ta ɗaga kai ta dubi na kan bishiyar, wanda rassansa suka zubo cike da toho, wasu har sun buɗe. Sannan ta jawo tukunyar, ta sa tabarau, ta bi gefen ganyen da babban yatsa. Sai ta fashe da dariya har da tari.

"Odete, ajiye kofin nan ki zo ki ga ɗan fashi. Ya shiga gidan attajiri ya fito da tsintsiya."

"Me kuma na yi?" in ji Gilmar.

"Daga ina ka tsinko wannan?"

"Daga bishiyar mana."

"Daga sama, ko daga gwangwanin da ke rataye a ƙasa?"

Ya sosa ƙeya. "Wanda hannuna ya kai. Kina ta leƙe ta taga kamar 'yar sanda, ina zan tsaya zaɓe?"

"Furen Oktoba ka sata, sakarai. Wanda na ci a ƙuri'ar tambola ta coci. Kowace mace a layin nan tana da shi, har Odete ta kashe guda biyu."

"Uku," na ce.

"Ai duk ɗaya ne, Vó. Kore kore, gaɓa gaɓa."

"Kai da jaki ma duk ɗaya ne, kunne biyu biyu. Miƙo yatsa. Ka ji gefen naka? Sumul, a zagaye, ga ɗan gashi-gashi a ƙarshen kowace gaɓa, kamar gemun da kake bar wa mutane bayan sun biya ka. Na Mayu haƙora ne da shi a gefe, kamar hannun ƙaguwa. Furensa dogo ne, yana sunkuyo da kai ƙasa, fure a cikin fure. Naka in Oktoba ta zo zai buɗe kamar tauraro, da yamma ya rufe, kamar shagonka ranar ƙwallo."

"Wato shekara guda ina yi wa ɗan tambola hidima? Har waƙa nake yi masa."

"Shi ya sa ya yi yaushi."

Ta cire tabarau ta ninke. Dariyar ta ƙare a nan. Ta zauna a kan akwatin kaya tana kallon bishiyar, ni kuma na san lissafin da take yi: Asabar ta kusa, kuma babu reshen furen uwarta a ko'ina sai a kan itacen da za a sare. Gilmar ma ya gane, don ba wawa ba ne kamar yadda take faɗa.

"To Vó, ki ɗan ba ni..."

"Rufe mini baki! Ban ba ka komai ba, ba kuma zan ba ka ba. Ko ganye ɗaya. Kai ka ga na yi kama da mai kyauta?"

"Ko kusa. Tun da nake ban taɓa ganin cikin jakarki ba."

"Ba za ka gani ba."

Ya jawo kujera ya zauna a juye yana rungume da bayanta.

"Af, na tuna. Ina da wani aboki, ɓarawo ne. Mutumin kirki dai, sana'ar ce kawai. Shi ne yake tambayata wai in mutum zai saci furen Mayu, da almakashi zai zo ko da reza?"

Jandira ba ta dube shi ba. Ni ta juyo ta kalla.

"Odete, kin ga ɓarayin zamanin nan? Almakashi! A zamaninmu ɓarawo da hannu yake zuwa. Ya kama gaɓa uku, ya murɗa a mahaɗa, su fita da kansu. Kuma ba ya taɓa reshe mai toho, sai wanda bai ɗauki komai ba."

"Abokin nawa ya ce yana isa gida zai tsoma shi a ruwa."

"Ya tsoma kansa. Ajiye shi ake yi a inuwa kwana biyu uku, bakin ya bushe, sannan a dasa. In ba haka ba ruɓewa zai yi."

"Yana da yashi mai kyau, ragowar gini. Ya ce ai dangin ƙayar hamada ne, zai ɗora shi a kan rufi ya sha rana ya manta da shi."

"Wannan aboki naka, uwarsa ta taɓa sakinsa ya faɗi da ka?"

"Kakarsa ce ta sake shi."

"Da sauƙi ta sake shi. Ina ya ga hamada a nan? Uwata a cikin daji ta tsinko shi, can saman tsauni, a jikin itace inda hazo ke kwana. Ɓawon itace yake so, da gawayi, da ruɓaɓɓen ganye. Ranar safe kaɗan, ta tsakar rana kuwa ƙona shi take yi ya koma ja kamar wuyan ɗan yawon buɗe ido. Ruwa kuma sai ka tura yatsa ka ji saman ya bushe."

"Ka tura?"

"Ya tura. Abokin."

"Zan faɗa masa. Ya ce a shago zai ajiye shi, kusa da madubi, mutane su gani."

"Shagon da fitila ke ci har gari ya waye? To zai tsufa yana jiran fure. In sanyi ya fara shigowa dare ya yi tsawo, duhu yake so, duhu na gaske, da sanyin waje. Da haka yake sanin Mayu ya zo. Kuma da zarar ya yi toho ba a juya tukunyar, ba a ɗaga ta a kai wa baƙi su gani. Kana motsa shi zai zubar da tohon duka don fushi."

"Ba ya son rana, ba ya son fitila, ba ya son a taɓa shi, ga fushi. Vó, anya ba ke ce aka dasa a bishiyar nan ba?"

"Da ni ce da na faɗo a kanka tun bara."

"Mutane ma cewa suke kin girmi bishiyar. Wai ke kika nuna wa tsaunin inda zai tsaya."

"Da na san za a haife ka a gindinsa da na ce ya matsa gaba kaɗan."

Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa.

"Zan shiga in dafa kofi. Zan daɗe, murhun nan ya lalace. Odete, zo ki riƙe mini tukunya. Kai kuma kada ka kuskura ka je kusa da bishiyata. Na ƙirga ganyenta."

Murhun lafiyarsa ƙalau. Muka shiga kicin, ta tsaya ta ba taga baya, ashana a hannu ba ta ƙyasta ba.

"Ya tashi?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Ya hau kujera."

"Kujerar za ta ɗauki wannan tumbin?"

"Tana kuka, amma ta ɗauka."

"Na sama?"

"Na sama."

"Duba da kyau, Odete. Mai haƙora?"

"Yana shafa gefen. Ya saki wani mai toho, ya kama na bayansa. Ya murɗa." Na ƙara leƙawa. "Ya ƙara wani. Ya sake ƙarawa."

"Haɗamamme," in ji ta, sannan ta ƙyasta ashanar. Ni kuma na ci gaba da goge kofi.

Muka fito da kofi da kek ɗin masara. Gilmar na zaune ya harɗe ƙafa kamar bai taɓa motsi ba, aljihun rigarsa ya kumbura, koren ganye mai haƙora ya leƙo waje ƙiri-ƙiri. Jandira ta kalli rufi, ta kalli ƙasa, ta kalli kyanwar maƙwabta, aljihun ne kawai ba ta kalla ba.

"Kofin nan ruwa ne, Vó."

"Daidai da kai aka yi shi."

"Wa zai riƙa zagina ranar Lahadi in kin tafi?"

"Akwai mota. Ka biya kuɗinka ka zo a zage ka."

Ya cinye yanka uku ya miƙe. A bakin ƙofa akwai wani gwangwanin man girki da aka huda gindinsa, cike da ɓawon itace da gawayi da baƙar ƙasar gindin fiyar. Tun bara yake ajiye a bayan kicin, na sani, don ni na ara mata ƙusar hudawa. Ta haɗa shi ne bayan satar farko, ta rasa hanyar da za ta sa ya ɗauka. Ban ga lokacin da ta fito da shi ba.

"Ga shara nan," ta ce. "Zubar mini a hanya. Ɗan tambolarka kuma bar wa Odete ta kashe."

Gilmar ya ɗauki gwangwanin ya leƙa ciki. Ya daɗe yana leƙawa. Da ya ɗago, fuskar wasan babu ita.

"Vó, wallahi na go..."

Silifarta ta same shi a tsakiyar ƙirji. Ban san macen da gwiwa ta hana hawa tudu tana iya sunkuyawa da wannan saurin ba.

"Kul! Ka ƙarasa kalmar nan in ƙarasa ka! So kake ka kashe mini shi tun a aljihu?"

Ya haɗiye sauran maganar, ya shafa ƙirji, ya sunkuya ya ɗauki silifar ya soke ta a hammata.

"Wannan ma na sace. Kuma ki sani, in ya yi fure baɗi zan kawo shi har Niterói in nuna miki daga nesa. Ko kin yi kuka ba zan ba ki ko gaɓa ɗaya ba."

Jandira ta tsaya da takalmi ƙafa ɗaya, ta dafa ƙyaure tana dariya har hawaye.

"Na ji, ka ci yau. Kai dai kawo shi ka ajiye kusa da ni, ka je ka dafa kofi. A wurin wa kake tsammani ka gaji hannun?"