Kawu Nu'uman Ya Kishingiɗar da Ƙafafun Mota

Tsoro ya fara kama ni ranar Asabar da hantsi, lokacin da na shiga gidan Kawu Nu'uman na tarar da jar motarsa a kan jak, shi kuma yana durƙushe a gefenta da igiyar magini a hannu. A but ɗin motar nan takarduna suke: shaidar digiri, ta bautar ƙasa, ta sakandare, har da ta haihuwa, duk na asali. Ranar Alhamis za a rufe karɓarsu a Katsina, inda ake ɗaukar ma'aikatan safiyo, aikin da na shekara biyu ina jira. Kawu ne ya karɓe su daga hannuna ya kulle, ya ce ɗan ƙanwarsa ba zai bi layi ba alhali yana raye.

Duk wanda ya san Daura ya san ba ƙaramar sa'a ba ce Alhaji Nu'uman ya ɗauki al'amarinka. Tsohon kansila ne, na wata goma sha ɗaya, kuma har yau in ya sa hannu a takarda sai ya rubuta hakan a ƙasa. A da shi ne tauraron gidajen biki, makaɗa ba sa ɗaura ganga sai ya zauna. Da Shari'a ta zo kiɗe-kiɗe suka ja baya, bawan Allah bai yi ƙorafi ba. Ya tsayar da gemu, ya kafa dish a kan rufi, ya koma neman ilimi. Cikin wata uku ya sauke injiniyanci daga kan kujerar falonsa, ta hanyar kallon tseren motocin Turai. 'Yan majalisar ƙofar gidansa suka raɗa masa Injiniya Ba-a-gaya-maka. Rabin farko na sunan kawai yake ji.

Motar kuwa ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, gajeriya kamar an danne ta da tafin hannu. Daga Kwatano aka kawo ta, ta hanyar da Kawu ke kira "hanyar da ba ta da ofis". Matarsa Hajiya Barakatu ta shiga sau ɗaya, sai da mata biyu suka ciro ta, ba ta sake ba.

A wajen kallon tsere ne Allah ya buɗe wa Kawu abin da ya ɓoye wa sauran jama'a. Ya lura ƙafafun motocin nan ba a tsaye suke cak ba, samansu ya ɗan kishingiɗa ciki. Ya kai tasa gareji. Bakaniken ya zagaya ta ya ce ƙafafunta lafiya lau, kuma irin wannan aikin sai da na'ura, sai Kano. Kawu ya dawo gida cike da tausayin ƙasar nan.

"Na'ura," in ji shi ga 'yan majalisa. "Wa ya ƙera na'urar? Mutum. Me mutumin ya fi ni da shi? Sanyin gari. A nan tsakar gidana zan yi abin da Bature ke yi, kuma ku shaida ba da kuɗin gwamnati ba."

Hanyarsa mai sauƙi ce, kamar yadda hanyoyin manyan masana suke. Ya ɗaga mota, ya kwance noti, ya cusa ƙarfe a bayansa, ya ɗaure, ya sauke ta. Sai ya saki igiyar magini a gefen taya, ya rufe ido ɗaya, ya auna da faɗin yatsa. Yatsa biyu a kowace ƙafa, ba ƙari ba ragi.

Ana cikin haka Malam Mati ya yi sallama, tsohon maginin da aka aro igiyarsa. Ya tsaya ya kalli aikin ya daɗe.

"Alhaji, ai wannan daɓen ni na zuba shi," ya ce. "Gangare na yi masa da gangan, don ruwan sama ya bi rariya. Ga motar ma ta kwanta hagu. A nan ko tulu ka ajiye sai ka tokare shi da dutse."

Kawu bai ɗago ba. "Malam Mati, kai da laka ka sani, ni ƙarfe nake yi. Kowa ya tsaya a fanninsa."

Na yi gyaran murya. Shekara huɗu na yi ina koyon auna tudu da gangare, ko ba komai wannan na sani. Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, in aka auna a kan gangare, ranar da ta hau shimfiɗaɗɗen titi duk ƙafafun gefe ɗaya za su karkata."

"Harisu, makaranta me ta ba ka?"

"Takarda, Kawu."

"Takardar tana ina yanzu?"

"Tana but."

"But ɗin wa?"

Sai na roƙa a ba ni takardun in kai da kaina a bas. Ya dube ni kamar na nemi in yi bara a ƙofar gidansa, ya ce in daina zubar masa da mutunci a gaban magini.

Litinin da safe aka buɗe get. Kujera ta biyu babbar rigar da zai sa in ya isa Katsina ce ta zauna a kai, don haka ni acaɓa na hau in raka shi bakin gari. 'Yan acaɓa wajen goma sha biyar suka biyo baya don kallo. Tun daga kan kwalta motar ta fara tafiyar karen da ke gudu a karkace. Dama take so, dama kawai. Kawu na jan sitiyari hagu da hannu ɗaya, jijiyar wuyansa ta miƙe, ɗayan hannun yana ɗaga wa jama'a, fuskarsa ɗauke da murmushin wanda komai ke tafiya yadda ya tsara.

A mararraba, inda hanyar Mai'aduwa da Kongolam ta ɓalle dama, dattawa ne zaune a teburin mai shayi. Suka ɗaga masa hannu da jinjina. Mutum mai daraja irin ta Kawu ba ya amsa wa dattawa da hannu ɗaya. Ya saki sitiyari ya haɗa biyu. Motar ta samu abin da take nema tun safe, ta sha kwana a hankali, cikin ladabi, ta kama hanyar iyaka.

Da wani ƙaramin mutum ne, da sai ya taka birki ya yi baya. Amma idanu sun kai arba'in. Kawu ya leƙo ta taga.

"Gwaji zan fara yi mata a hanyar ƙasa da ƙasa," ya sanar. "Katsina ba ta gudu."

'Yan acaɓa suka danna ham suka bi. Muddin suna biye ba zai juya ba, kuma su ba za su koma ba sai sun ga inda gwajin zai ƙare. Haka muka wuce gonakin gero, muka wuce Mai'aduwa, ni ina bayan babur ina karanta duk addu'ar da na iya.

A Kongolam shinge ya tsayar da mu. Wani jami'in kwastan ya zagaya motar, ya durƙusa ya kalli ƙafafun, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba. Kawu ya fito, da ƙyar, ya gyara hula. Shekara guda yana neman mai fahimta. Ya yi masa bayanin noti da igiya da yatsa biyu, ya yi masa bayanin koma-bayan bakanikan Afirka, sannan ya dafa kan motar.

"Ka gan ta nan. Tun daga Kwatano ta ratso daji da ƙafarta, ba ta taɓa tsayawa a gaban shingen kowa ba."

"To Alhaji, yau ta tsaya," in ji jami'in. "A ba ni takardun shigowarta."

Babu. Aka karɓi makulli, aka tura ta cikin harabarsu, mutum shida, biyu daga ciki aikinsu kawai hana ta tafiya dama. Na bi jami'in ina roƙo, na ce takarduna ne a but, rayuwata ce. Ya saurare ni da kyau. Ya ce motar da aka kama ba a buɗe ko'ina a jikinta sai a gaban ogansu, ogan kuma ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba.

A motar awaki muka dawo, Kawu a gaba, ni a baya. Kafin la'asar majalisa ta ji cewa hukuma ta nemi alfarmar a bar mata motar ta yi nazari.

Jiya Talata Kawu ya kira ni. Ya ce in kwantar da hankalina, ya rubuta wa ogan wasiƙa mai zafi, har ya aika da ita. Ya miƙo mini kwafin in ga yadda manya ke rubutu. Shafi uku ce. Na karanta sau biyu ina neman sunana. Gargaɗi ne daga farko har ƙarshe, cewa kada wani ya kuskura ya taɓa notin ƙafafun, domin saitin ya ci masa yini guda. A ƙasa an sa hannu: Tsohon Kansila.

Yau Laraba. Gobe ƙarfe huɗu ake rufe karɓa a Katsina. Na bar wa jami'in lambar wayar maƙwabcinmu, kuma har yanzu ba a kira ba.