Magagarin Marigayi da Kwamfutar Hajara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe min sauran, da ranar da na ɗora magagari a kan kayan kwamfuta. Zamanin mulkin soja ne na ƙarshe, shekarun da mota ke wuni a layin mai.

Ni matar maƙeri ce. Na tsufa a gefen maƙerar marigayi a Ƙofar Dundaye, kuma abu guda na gani da idona: in ruwan fartanya ya ƙi shiga ƙota, ba a mai da shi kasuwa. A goge nan, a rage can, ya zauna daram. Iyakar karatuna ke nan, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai rannan.

Autata Hajara malamar makaranta ce, ta koma ƙarin karatu. Mijinta ya samo mata kwamfuta irin wadda ake ninkewa, a cikinta rubutun shekara biyu yake, wanda za ta miƙa ƙarshen wata. Gidana take kawo ta, don a nata gidan yara ba sa barin ta sakat. Sai dai abar akwai nawa. In an kunna ta, sai na dama fura na wanke ludayi kafin ta buɗe ido.

Anka kira mai gyara, Malam Bello daga Minanata. Ya kifa ta bisa tabarma, ya kwance wani ɗan murfi. Ni kuwa na jawo kujerata har gwiwata na taɓa tasa jaka.

"Malam, mi ke damunta? Tsufa ne?"

"Kusan haka, Inna. Ƙwaƙwalwarta, furosesa, manne take da jikinta, ba ta canzuwa. Amma akwai memori, shi kamar tabarmar shanya ne. Nata ƙarami ne, dole ta riƙa shanya kaɗan-kaɗan."

Wannan na gane shi sarai. Ya zare tsohon, ya ɗauko sabon da surukina ya sa anka kawo daga Ikko: ɗan kore, tsawon yatsa, da haƙora ruwan zinari jere a gefe. Ya gwada. Ya juya, ya sake gwadawa. Ya girgiza kai.

"Wanga sabon yayi ne, ba su dace ba. Dubi 'yar tsagar nan. Ta tsohon tana nan, ta sabon ta matsa gefe. Sai an mai da shi an canzo."

Hajara ta tambayi kwana nawa. Da ya faɗa, na ga ranta ya ɓaci. Ya ce a bar komai yadda yake, gobe zai dawo da maigidanta su ɗauka.

Da safe ta tafi makaranta. Na share tsakar gida, na dawo na leƙa. Na ɗora sabon bisa tsohon, na ɗaga su ga hasken ƙofa. Jama'a, bambancin bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba! A kan wannan za a je Ikko a dawo, ɗiyata tana rama? (Har tausayin Malam Bello na ji. Na ce yaro ne mai ladabi, amma bai zauna da maƙera ba.)

Na buɗe adudu, na ciro ƙaramin magagarin marigayi, na yi bisimilla. A hankali, ina gogawa ina hurewa. Haƙora biyu sunka tafi, ban damu ba, akwai saura da yawa. Na kai shi mazauninsa, na danna. Ƙyat! Ya zauna kamar don shi anka yi wurin. Na so in kunna in gani, na duba maɓallan nan birjik, ban san wanne ne ba. Na haƙura.

Bayan la'asar sunka iso su uku. Ni da ko ido ba na haɗawa da surukina, rannan har gyaran murya na yi.

"Ba sai an je Ikko ba. Na gyara."

Hajara ta birkito kwamfutar, ta yi murna, yatsanta ya nufi maɓalli. Malam Bello ya daka tsawa irin wadda ban san yana da ita ba.

"Kar ki kunna!"

Ya zare abin, ya duba tsagar, ya dube ni. "Inna, da mi kika yi wanga?"

Na nuna magagari.

"Tsagar nan ba kuskure ba ce, Inna. Da gangan anka matsar da ita, don wutar da sabon ke sha daban ce. Da kin kunna, da cikin na iya ƙonewa, kuma ban san mai ciro rubutun nan a garin ga ba."

Hajara ta zauna daɓas a ƙasa. Ya mai da tsohon, ya ɗaure murfi, ya kunna. Wannan nawar da nake yi wa tsiya, rannan ji na yi kamar shekara. Can sai kwamfutar ta buɗe ido, rubutu ya fito cif.

Surukina ya juya ɗan koren a tafinsa, kansa a ƙasa, yana danne dariya. Ya ce, "Amma fa Inna, aikin ya fita. Ko gefe bai karkace ba." Na ja mayafi na rufe fuska, na shige ɗaka, ban fito ba sai da na ji tashin babur ɗinsu.

Abin da na goge dai bai koma Ikko ba. Hajara ta ƙarasa rubutunta da tsohon, tana jira ina dama fura, ta kuma miƙa a kan kari. Ɗan koren yana adudu har yau, ɗaure da magagarin a tsumma guda.

Na daɗe ina juya lamarin. Abin da na sani ne ya kusa ƙone wahalar ɗiyata, abin da ban sani ba ya cece ta. Yanzu in abu ya ƙi shiga, nakan fara tambaya ko da dalilin da ya sa ya ƙi. Hajara kuwa ta yi rantsuwa, kuma ta cika: har yau ba ta nuna min maɓallin kunnawa ba.