Masu Yi wa Kwalta Ban-Ruwa

Jama'a, yau ban yi wanka ba, kuma ku shaida ba ƙazanta ba ce. Da sassafe na jawo ruwana daga rijiya, na ajiye bokiti a ƙofar banɗaki, na koma ɗaki ɗauko soso da sabulu. Ina fitowa na tarar da wurin wayam, sai zagayen danshi a ƙasa inda gindin bokitin ya zauna. Na tambayi uwargida, ta ce in je in tambayi mahaifiyata, ita ba ta shiga tsakanin ɗa da uwa. Haka na bi ɗigon ruwa har bakin titi da tawul a wuya. Sai ga Iya a tsaye, tsohuwar da ko buta sai an miƙa mata, tana sheƙa ruwan wankana a kan kwaltar hukuma.

Na ce, "Iya, ruwan wankana ne fa."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai ka gama girma, ba abin da ruwa zai ƙara maka. Wannan shi ne mai tasowa."

Kafin ku ce tsufa ya fara taɓa ta, ku dakata in ba ku labarin Suruki.

Babban titi ne ya raba ƙauyenmu gida biyu. Mu muna ɓangaren rijiya da makaranta. Can tsallake kuwa akwai injin niƙa, da shagon magani, da gidan Inna Babba, yayar Iya uwa ɗaya uba ɗaya. To, daidai inda muke tsallakawa akwai wani rami a kan titin, tun ina saurayi yake nan. Ba irin ƙananan ramukan nan da ake kauce musu da hannu ɗaya ba. Wannan da damina agwagi ke iyo a cikinsa. Direbobi ne suka raɗa masa suna Suruki, domin duk isarka, in ka zo gabansa sai ka rage sauri, ka rusuna, ka raɓa ta gefe a ladabce. Tirela na gaishe shi, motar haya na gaishe shi, har masu jiniya da baƙin gilashi ba su taɓa wuce shi ba gaisuwa.

Mun sha zaginsa, ba na musu. Ya ci tayoyi, ya fasa ƙwai a kwali, ya zubar da mai babur da fasinjansa ba sau ɗaya ba. Abin da ba mu lura da shi ba, ashe shi kaɗai ne ma'aikacin kiyaye haɗari da aka taɓa turo mana, kuma bai taɓa tafiya hutu ba. A gabansa yara ke tsallakawa makaranta, kaza ta wuce da 'ya'yanta a jere ba mai taɓa ta. A gabansa Iya ke tsallakawa kullum da hantsi ta gaida yayarta, wadda ƙafafu suka daina yi mata biyayya. Su zauna a tabarma ɗaya, su yi ta musu a kan wadda mahaifinsu ya fi so, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. In sun gaji Iya ta dawo gida tana mita, ta ci abincinta da daɗi.

Ana nan sai aka ce Mai Girma Mai Almakashi zai ratsa ta garinmu, zai je can gaba ya buɗe wani gini da aka riga aka buɗe bara. Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Ramin da aka yi shekara da shekaru ana kai kukansa, sai ga ma'aikata da motar daɓe sun dira a kansa kamar sun zo kashe gobara. Kafin mu ankara an binne Suruki, an shafe shi da baƙar kwalta sumul. Muka tsaya a bakin hanya muka tafa, har da masu guɗa. Mai Girma ya wuce fuu, ba mu ga ko hularsa ba, amma an tabbatar mana ya ɗaga mana hannu daga ciki.

Tun daga ranar titinmu ya zama filin tsere. Direbobin da suka yi shekaru suna rusunawa, yanzu ramuwa suke yi. Mota takan wuce kafin ka gane launinta. Kaji suka fara ƙarewa, akuyar liman ta bi su. Malaman makaranta suka koma tsayawa a bakin titi suna daga wa motoci littafi, motocin kuwa ba karatu ya fito da su ba.

Maƙwabcina Mai Faci, wanda rumfarsa ke daf da wurin, ya fi kowa shiga makoki. Na same shi zaune a kan tsohuwar taya ya yi tagumi.

Ya ce, "Malam, maraya ka gani a gabanka. A gindin Suruki na yi aure, a gindinsa na yi wa gidana rufin kwano. Yau ga shi ko iska ba mai tsayawa ya sha."

Na ce, "Haba, ai ci gaba ne."

Ya ce, "Ci gaba kam na gan shi, shi ya sa ba wanda ke tsayawa. Kowa ci gaba yake yi."

Nasa mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Iya. Ranar farko ta tsaya a bakin kwalta tun hantsi har rana ta take, ta miƙa ƙafa ta janye, ta miƙa ta janye, ta haƙura ta dawo gida. Washegari ta sake gwadawa, madubin wani babur ya fizge mata mayafi, saura ƙiris ya haɗa da ita. Ni na ɗauko mayafin a cikin kwata. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na ce mata ba ta ƙara kusantar titin nan. Na ce zan riƙe ta mu tsallaka tare, ta dube ni ta ce ita ba ta ga alamar motocin nan sun san ni ba. Gaskiyarta.

Sai aka koma gaisuwar nesa. Jikoki su fito da Inna Babba ƙofar gida a kan kujera, Iya ta tsaya daga nan, motoci na yanka tsakaninsu. Iya ta ƙwala, "Yaya, ya ƙafa?" Inna Babba, da kunnenta ya yi nauyi, ta amsa, "Na ci, na ƙoshi!" Mutane na dariya, ni ma na yi. Amma na lura Iya ta rage cin abinci, ta daina mita, ta daina yi wa uwargida gyara a girki. Tsohuwar da ta daina faɗa, ku yarda da ni, ba lafiya ba ce.

Ganin haka muka shirya ni da Mai Faci muka nufi birni, ofishin da aka ce nan ake jin kukan hanya. Bayan mun ɗumama benci yadda ya kamata, aka shigar da mu gaban Ranka-ya-daɗe Babban Mai Duba Yiwuwar Dubawa. Mutumin kirki ne, fanka biyu ke hura shi. Na gaishe shi, na ce ɗan tudu muke roƙo a yi mana a kan titi, irin wanda ke sa mota ta rage gudu.

Ya gyara zama ya ce, "Madalla. Mutum nawa aka kaɗe zuwa yanzu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a kai ga mutum ba tukuna. Kaji ne, sai akuya guda."

Ya buɗe hannuwa cikin tausayi ya ce, "To ka gani. Ba ku da hujja. Kwamiti ba ya zama a kan kaza. Amma da zarar an samu, ku hanzarto, ƙofata a buɗe take."

Na so in tambaye shi wa yake ganin ya dace mu fara bayarwa, sai Mai Faci ya riga ni magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in tudun ya yi wuya, a maido mana raminmu. Ba sabo muke nema ba, namu na da."

Babban mutum ya yi murmushi ya ce su sashen cike rami gare su, ba su da sashen haƙawa. Ya kuma ja mana kunne: duk wanda ya ɗora wa titi tudu da kansa, ko ya sa masa fartanya, ya ɓarnata dukiyar hukuma, kuma a wannan kam kwamiti ba ya ɓata lokaci. Don kada mu dawo hannu rabbana, ya yi alkawarin allon gargaɗi.

Ku ji abin mamaki, allon ya zo. Babba ne, ja da fari, an rubuta A RAGE GUDU. Sai dai waɗanda suka kafa shi sun juyo da fuskarsa cikin gari, direbobi bayansa kawai suke gani. Yanzu duk wanda ya fito daga gidansa sai ya karanta, kuma alhamdu lillahi mun yi biyayya, ba mai gudu a cikin ƙauyenmu. Da na karanta wa Iya, cewa ta yi, "Ni da wace ƙafar?"

Iya dai ba ta san kwamiti ba, amma ta yi aikin lambu da ƙuruciyarta. Tsayuwar da take yi kullum a bakin titi ce ta sa ta lura cewa inda aka binne Suruki ya ɗan yi kwari, kuma duk ruwan da ya gangaro nan yake kwanciya. Ta ga gefen facin ya fara zubar da tsakuwa. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta fara da buta. Daga buta ta koma kwano. Da maƙwabta suka tambaya, ta ce shuka ta yi. Kafin mako ya zagayo, matan unguwa sun gane irin shukar. Mai ruwan wanke-wanke ta kawo, mai ruwan wanki ta kawo, na tsallake ma suna zubowa daga nasu ɓangaren. Ba wadda ta taka kwalta, ba wadda ta ɗauki fartanya. Daga gefe suke zubawa, ruwa ya san hanyarsa. Na bincika iya sanina, ban ji inda aka hana talaka wanke titi ba.

A nan dole in tsaya in yaba wa ɗan kwangilar da ya yi aikin, duk inda yake. Bawan Allah nan ya shimfiɗa kwalta kamar ɓawon albasa, ƙarƙashinta kuwa yashi ne zalla. Da ya yi aikin tsakani da Allah, da mun kaɗe. Mutane na zagin irinsu ba tare da sanin ranar da za su yi amfani ba.

To yau, bayan an yi sadaka da ruwan wankana, wajen azahar wata babbar mota shaƙe da siminti ta taho a guje. Muka ji ƙwaras! Da ta wuce, sai ga kwalta ta lotsa, baki ya buɗe kamar faranti. Kafin la'asar ya kai girman daro. Motar farko ta faɗa garam, direban ya leƙo ya zagi hukuma, muka taya shi da "Allah ya kyauta." Ta biyu ta taka birki. Ta uku tun daga nesa ta fara rusunawa. Na waiga na ga Mai Faci yana goge kayan aikinsa da gefen riga, yana yi wa ramin sannu da zuwa.

Iya ta shiga ɗaki ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta ɗauki sanda. Na miƙa mata hannu, ta ture. A hankali ta taka kwalta, tana tafe tana duban ramin kamar mai duba gonarta. Wata tirela ta tsaya cik tana huci har ta wuce. Na bi ta a baya kamar ɗan rakiya.

Inna Babba na kan tabarma. Ta ɗago ta ƙura wa Iya ido, ta ce, "Sai yau? Na ɗauka jira kike a kawo miki ni a makara, tun da maƙabartar a ɓangarenku take."

Iya ta zauna daf da kunnenta ta ce, "Wa zai tsallako da ke, Yaya? Masu ɗaukar makarar ma ai suna son ransu."

Suka fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, kowace ta riƙe hannun 'yar'uwarta ta ƙi saki. Na fito waje na tsaya, don ni ma idona ya cika, kuma ba na son jikoki su gani. Ban daɗe ba na jiyo muryar Iya ta tashi, tana rantsuwa ita mahaifinsu ya fara saya wa awarwaro. Nan hankalina ya kwanta.

Yanzu kuma ga shi ana raɗe-raɗin Mai Girma Mai Almakashi zai sake ratsowa, wai ginin nan yana bukatar a ƙara buɗe shi. Ranka ya daɗe, mu ba masu jayayya da ci gaba ba ne. In an ga dama a yi mana tudun, mun gode. In kuwa sai an sake binne mana Suruki, alfarma ɗaya muke roƙo: a ba ɗan kwangilar nan na farko aikin, mun san hannunsa. Kada a kawo mana mai amana, don Iya da yayarta ba su da sauran shekarun jiran aikin kirki ya lalace.