Rasuwar Uwar Garke, Mai Golmon Shekara Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malama Rebecca Aaron, mai Cibiyar Koyon Kwamfuta ta Alheri da ke Rikoto, Zuru, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ɗalibai, na da da na yanzu, rasuwar tsohuwar kwamfutar nan da ke zaune a kusurwar aji, wadda kowa ya sani da Uwar Garke. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinya, tana tsaka da aiki. Mai son yin dariya ya yi, ba a hana shi ba. Sai dai ya karanta har ƙarshe tukuna.

Ba wanda ya san ranar haihuwar marigayiya. Ta iso garin nan 'yar gwanjo, ɗaure a bayan kabu-kabu, murfinta a lotse. Wanda ya kawo ta shi ne marigayi Aaron, mijin Rebecca, tsohon sojan sashen sadarwa da ya dawo gida da ƙafa mai ciwo da kai cike da dabara. Ya tarar da matarsa tana fama da kwamfuta arba'in. Yara daga Zuru har Kanya suna zuwa koyon yadda za su rubuta jarrabawar shiga jami'a, kuma kafin zango ya ƙare sun dagula komai. Sai Rebecca ta ɗauki faifai ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya tana sake zuba musu babbar manhaja. Kwana uku take yi a kai, tuwonta yana sandarewa a kwano ba ta waiwaye shi ba.

Mahaifinta, Baba Dominic, ya daɗe yana tsokanar surukin nasa a kan golmo, noman shekara bakwai da saurayi ke yi wa uban budurwa kafin a ba shi ita. Yakan ce, “Soja, ka ɗauke mini 'ya, ko fartanya ba ka ɗaga a gonata ba.” Ranar da Aaron ya gama ja wa kwamfutocin waya zuwa kusurwa, sai ya kira tsohon ya dafa murfin nan lotsattse ya ce, “Baba, ga golmona. Ita za ta yi wa Rebecca noman.” Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce za a gani.

An kuwa gani. Marigayiya ba ta da hoto ko ado, baƙin allo ne kawai da farin rubutu, duk umarnin da ke cikinta da hannun Aaron aka rubuta shi. Ya tsara kwamfutocin ajin yadda duk wadda aka kunna sai ta fara leƙa waya ta tambayi uwar ko da saƙo. A ranakun karatu, uwar tana rufe, sai su gaji da jira su wuce harkarsu. Ranar gyara kuwa Rebecca za ta buga layi ɗaya ta buɗe ta, a kunna arba'in ɗin gaba ɗaya. Uwar ta share kowacce tas, ta zuba mata sabuwar manhaja, ta ba ta suna da lamba. Aikin kwana uku ya dawo na minti hamsin.

Halayenta na gari ba sa ƙirguwa. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba ta nuna bambanci tsakanin sabuwa da tsohuwa, kuma ba ta tambayar kowa dangi, duk wadda ta miƙo hannu ta waya za a yi mata. A riƙe wannan halin na ƙarshe, za mu dawo kansa. Muryarta ma ba ta canza ba: da safe fankarta ta ce fuuu, cikinta ya ce ƙit-ƙit-ƙit, sannan ta yi tit sau ɗaya, ta kama aiki.

Amma abin da ya sa ake wannan sanarwa ba saurin aikinta ba ne. A ƙarshen umarnin, Aaron ya ƙara layi ɗaya da ba shi da alaƙa da manhaja. Idan aiki ya ƙare, kowane allo yakan tsaya cak ya nuna: An gama. Je ki ci abinci, Rebecca. In kin dawo ki danna. Allon ba ya motsi sai an danna maɓalli, da zarar an danna kuma rubutun ya tafi ke nan, sai wani gyaran. Tana yi masa faɗa a kan haka, wai yana sa yara suna yi mata dariya. Bai cire ba.

Damina biyu ke nan da Aaron ya rasu. Gyaran farko bayan makoki, Rebecca ta buga layin nan ba ta kawo komai a ranta ba, ta juya tana share tebur. Da ta ɗago, allo arba'in suna kallon ta, kowanne yana cewa ta je ta ci abinci. Rana tsaka ce, ana jin kabu-kabu suna wucewa a titi, amma ta ji kamar Aaron yana tsaye a bayanta ya jingina da sandarsa. Malama Fadima, mai koyar da buga rubutu a cibiyar, ita ta shigo ta same ta a tsaye. Fadima ta kama hannunta ta kai ta gindin mangwaro, ta buɗe mata kwanon tuwon.

Tun daga ranar, kwamfuta ta arba'in da ke bakin taga ta shiga uku. Lafiyarta ƙalau, amma kowace Litinin sai an wanke ta an sake zuba mata manhaja. Fadima ta gani ta kau da kai. Sau ɗaya kawai ta kira ta da sunan 'yarta ta ce, “Maman Divine, wagga ta bakin taga mi ta yi miki ne?” Rebecca ta ce, “Tana da nauyi.” Ba su sake maganar ba.

Ciwon ajali ya fara ne bayan girbi. Ƙit-ƙit ɗin nan ya koma ƙwas, ƙwas, da dogon shiru a tsakani. Wani mai gyara ya saurara ya ce faifan ajiyarta ne ke tafiya, a yi maza a kwashe abin da ke ciki. Umarnin Aaron kuwa ba shi da kwafi ko'ina a duniya. Ranar Talatar, Rebecca ta buɗe akwatin sojansa ta ciro laftof ɗinsa da ta daɗe tana tsoron taɓawa. A ciki akwai hotunan aurensu, da na ranar da aka kai 'yarsu Divine coci tana jaririya, da muryarsa yana koya wa yarinyar waƙoƙin Uhola, bikin girbin mutanen Zuru, yana ɓata baiti. Niyyarta ta kwashe umarnin ta adana a nan, kayansa su haɗu wuri guda.

Abu biyu suka sha mata kai. Ta manta cewa tun gyaran ta bakin taga na jiya Litinin ba ta rufe uwar ba, ba a kuwa kunna ko ɗaya a ajin ba tun lokacin. Ba ta kuma san cewa da wannan laftof ɗin Aaron yake gwada umarninsa kafin ya cika shi da kayan gida ba, har yanzu waya yake fara leƙawa. Ta soka waya, ta kunna. Laftof ya miƙa hannu, marigayiya kuwa ba ta tambayar dangi.

Farin rubutu ya fara gudu. Rebecca ta san layukan nan kamar sunanta, ta san na farko shi ne shara. Fadima da ke gefenta ta ce, “Zare wayar, Maman Divine. Zare ta yanzu, ana iya ceto wani abu.” Gaskiya ta faɗa, mai gyaran ma daga baya ya tabbatar cewa da an zare a lokacin, da yawancin hotunan da muryar sun dawo. Rebecca ta kama wayar. Uwar tana ƙwas, ƙwas, tana jan aiki da ƙyar, kowa ya ji ya san wannan ne na ƙarshe. In ta zare, ba za a kai ƙarshen umarnin ba, ta kuma san abin da ke ƙarshen. Hannunta yana kan wayar har minti hamsin suka cika, ba ta ja ba.

Allon laftof ɗin ya tsaya. An gama. Je ki ci abinci, Rebecca. In kin dawo ki danna. A kusurwa fanka ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya. Baba Dominic ya ƙirga da yatsunsa da aka gaya masa, ya ce shekara bakwai ne da kwana goma sha ɗaya, soja ya cika golmonsa.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya arba'in. Har yau ba su san ta mutu ba. Kowace safiya in an kunna su sai su leƙa waya suna nemanta, ɗigo-ɗigo suna bin allo, su jira, su haƙura. Ta bar Malama Fadima, wadda yanzu ita ke kunna su domin Rebecca ba ta iya kallo. Ta bar Divine, wadda ke makarantar kwana, ba a kuma gaya mata tukuna cewa muryar babanta ta tafi ba. Wannan shi ne abin da ke cin Rebecca, ta san ita ta zaɓa. Ta kuma bar laftof ɗaya a kan tebur, jone da batirin sola, yau kwana uku rubutun yana nan. An ɗauke shi hoto, amma Rebecca ta ce hoto ba ya jiran ta dawo.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, a cibiyar, za a bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a canza musu tsari su daina nemanta. Za a naɗe gawar da bargon soja a sa ta a akwatin Aaron, ba za a sayar wa 'yan jari-bola ba, kada ma su wahalar da kansu. Divine za ta iso da motar safe, uwarta za ta zaunar da ita ta gaya mata komai da bakinta, ta nuna mata allon. Ba a bukatar kuka da ƙarfi, ba a bukatar jawabi. Malama Fadima za ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Rebecca za ta fita gindin mangwaro ta ci, ta cinye, ta wanke hannu.

In ta dawo za ta danna.